Guntun da Aka Bari Ƙarƙashin Kofin Shayi

Ranar Talata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Mu nan lafiya lau, sai 'yar mura da ta zaga gidan. Na san za ka ce sai yau na tuna ina da kawu, tun rasuwar Umma shekara huɗu ke nan ban rubuto ba. Gaskiyarka ce, ba ni da bakin magana. Na kira wayarka sau uku, Inna ta ce kunnen ya ƙi, ko ka ɗauka sai dai ka yi ta cewa na'am, wai in rubuto kawai in ba direban motar safe, ya san gidan.

Kawu, matsala ce ta taso a wurin aiki. Ni ke riƙe da siton magani a asibitin da nake, kuma a ciki akwai babban firji da muke ajiye alluran rigakafin yara. Litinin ɗin makon jiya na buɗe shi, sai ɗumi ya bugi fuskata. Akwati goma sha ɗaya duk sun lalace. Mata sun cika benci da jarirai tun sassafe, haka aka sallame su. Da aka leƙa bayan firjin sai ga filoginsa a ƙasa. Iya mai shara, wata dattijuwa da ke goge ɗakin ranar Asabar, ta ce ita ta cire don ta jona injin goge ƙasa, kuma ta ɗauka ta mayar.

Shugaban asibiti ya kafa kwamiti, ya ce kowa ya rubuto abin da ya sani, yau saura kwana goma sha uku. Wani zai rasa aikinsa, wannan kowa ya sani, ba a dai faɗa ba ne. Na zauna na rubuta shafi tara. Na karanta na sake karantawa, ni kaina na rasa inda na dosa. Sai na tuna Umma takan ce ɗan baffanta ya yi shekara talatin a maɗaba'a yana duba rubutun mutane, har ake ce masa Jan Biro, wai ko takardar gayyata aka miƙo maka sai ka gyara ta kafin ka duba ranar.

Ga shi nan na haɗo. Don Allah ka gyara min shi ya yi kyau. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, komai na sa, har maganar ƙararrawar firjin tana shafi na bakwai. Tsoro nake ji, Kawu. Yara uku, babansu kuma ya fi shekara yana neman aiki.

'Yarka da kake kira Wutsil-wutsil. Har yanzu ban iya zama wuri ɗaya ba.

Ranar Asabar

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Murar ta tafi, alhamdu lillahi, ina fata ku ma lafiya. Kwana huɗu ke nan shiru. Kullum kafin in wuce aiki sai na biya tasha, har direban ya fara ɗaga min hannu daga nesa alamar babu. Ya rantse cewa a hannun Inna ya sa ambulan ɗin. To ko fushi kake da ni ne saboda daɗewar da na yi ban neme ku ba? In haka ne ka yi haƙuri, ka yi min faɗan daga baya, yanzu saura kwana tara.

Jiya Iya mai shara ta same ni a sito, ta ce tunda ba ta iya rubutu ba ko zan taimaka in rubuta mata nata bayanin. Na ce mata aiki ya yi min yawa. Babu wani aiki, kwalaye kawai nake ta jerawa ina sake jerawa. Daga baya na ji mai gadi ne ya rubuta mata, layi uku, ta dangwala hannu. Tun daga ranar, abinci ba ya shiga min sosai.

Ko layi ɗaya ne ka aiko.

Wutsil-wutsil

Ranar Talata

Ɗiyata Wutsil-wutsil,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafar Innarki ta yi sauƙi har tana bina da faɗa daga ɗaki zuwa tsakar gida. Ba fushi nake ba. Idona na dama ne ya yi yana, yau za a yi min aiki, shi ya sa kika ga rubutuna manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya. Kwana biyar na yi ina karanta shafinki tara da ido ɗaya da rabi.

Kada ki firgita da abin da za ki gani a ambulan. Na sa almakashi na yanka rahoton, kowace magana guntunta daban, na sa musu lamba da jan biro. Haka muke yi wa rubutun da ya cakuɗe. Naki ba gyaran kalma yake buƙata ba, ke kin fara rubutu ne kafin ki san me za ki ce. Ranar da aka sayo firjin, da zuwan mai gyara bara, da yadda kike son aikinki, duk kin zuba su gaba.

Ga yadda za ki yi. Ki shimfiɗa guntayen a ƙasa. Mai karatu abu uku yake nema: me ya faru, wa ya yi me, me ake so ya yi. Guntun da bai amsa ko ɗaya ba, ki jefar, ko da kina sonsa. Magana mafi nauyi ita ke hawa sama, domin 'yan kwamiti shafin farko kawai suke karantawa da idon kirki. In kin jera kin kwafe, ki karanta wa wanda bai san zancen ba, da ƙarfi, ki yi masa tambayoyin nan uku. Abin da ya amsa shi kika rubuta, ba abin da ke ranki ba. Duban kurakurai shi ne na ƙarshe, ki ɗora rula ki bi layi-layi daga ƙasa zuwa sama, don kada ido ya yi ta gudu.

Ga mai motar da zai kai ni asibiti yana ta danna oda a ƙofa. Innarki za ta kwashe guntayen ta rufe ambulan. Ki yi min addu'a.

Kawunki

Ranar Alhamis, bayan mako guda

Kawu,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya idon? Allah ya sa an yi aiki a sa'a, ya sa kaffara ne. Ka gaida min Inna, ka ce ina yi mata sannu da jinya.

Ba zan ɓoye maka ba, da na buɗe ambulan guntaye suka zubo min a cinya, raina ya ɓaci. Na ce wato kwana uku na yi ina rubutu, tsohon nan ya mayar min da shi shara. Sai da na karanta wasiƙarka sau biyu na huce. Na kori yara waje, na kashe fanka, na shimfiɗa su a tsakar ɗaki ina rarrafe a tsakaninsu, maigidan ya leƙo ya ce ko na fara bokanci ne.

Ina jerawa bisa lamba sai na ga daga arba'in da shida an tsallake zuwa arba'in da takwas. Na zazzage ambulan, na ɗaga kujera, babu. Na ɗauko kwafin da na ajiye na duba, sai na ga ko wace magana ce. Ita ce ta shafi na bakwai, inda na ce: "Ranar Juma'a da yamma ƙararrawar firjin ta yi ta ƙara ba dalili kamar yadda ta saba, sai na kashe ta da niyyar kiran mai gyara, ban kuma samu na kira shi ba." Ka san ƙararrawar nan ita ke ihu in firji ya fara ɗumi, ana jin ta har ɗakin nas-nas.

Na daɗe zaune a ƙasa. Sannan na gane. Cikin guntaye sittin da huɗu, wannan kaɗai ka cire, ba ka kuma ce komai ba don kada ka ba ni kunya. Ka rufa min asiri, Kawu, Allah ya rufa naka. Kai da kanka ka ce abin da ba ya amfanar mai karatu a jefar.

Sauran na bi yadda ka ce. Guntu arba'in da ɗaya na zubar. Maganar filogi na ɗora a sama. Na kwafe ya fito shafi ɗaya da rabi, na kai wa maƙwabciyata tela na karanta mata tana kan keke. Na yi mata tambayoyinka uku, ko numfashi ba ta ja ba ta ce magani ya lalace, mai shara ce ta cire filogi, a ɗauki mataki. Na bi da rula daga ƙasa, na kama inda na rubuta kwanan watan Lahadi a maimakon Asabar. Ranar Litinin na miƙa. Shugaba ya ce tunda yake bai taɓa karanta rahoto mai tsabta irin nawa ba, har ya ɗaga shi ya nuna wa sauran.

Jiya aka ba Iya takardar dakatarwa. Ƙarshen wata kwamiti zai zauna ya yanke hukunci. Ni an ce in ci gaba da aikina.

Ya kamata in ji sanyi, ko ba haka ba? Amma yau sau huɗu na tashi na leƙa bayan sabon firjin, alhali na san filogin yana nan. Wata yarinya aka kawo a madadin Iya, ba ta san inda ake ajiye tsintsiya ba, ni na nuna mata. Wataƙila gajiya ce kawai. Na gode, Kawu.

Wutsil-wutsil

Ranar Lahadi

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. An yi aiki lafiya, jiya aka cire bandeji, ina ganin har ƙurar da ke kan rediyo. Likita ya hana ni karatu da rubutu na mako biyu. Ga ni ina yi, Innarki tana tsaye a kaina tana mita, domin maganar nan ba ta jira.

Wane ni da rufa miki irin wannan asirin? Ban cire guntun nan don ki bar shi ba. Da Innarki ta karanta min wasiƙarki sai da na ce ta maimaita.

Bari in gaya miki yadda aka yi. Tun ina maɗaba'a, in na yanka rubutu, guntun da na ga shi ne kan magana ba na barinsa cikin tarin. Nakan ware shi in danne da kofin shayina don kada iska ta ɗauke, in jera sauran a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya yi aiki da ni ya san abin da ke ƙarƙashin kofin Jan Biro shi ke buɗe shafi. Innarki ba ta taɓa aiki da ni ba. Ta kwashe abin da ta gani a tebur, ta bar kofi inda yake saboda na hana kowa taɓa min shi. Yau da muka ɗaga, ga arba'in da bakwai kwance, da zoben shayi a kansa. Ta zauna tana ta salati.

Ita ba ta da laifi, nawa ne. Shekara talatin ina gaya wa mutane su sa magana mafi nauyi a farko, sai ga ni na cika miki takarda da rula da almakashi, abu ɗaya da ya kamata in fara da shi na bar shi sai ƙarshe, mai mota ya danna oda na tashi. Ban kuma sake karanta wasiƙar kafin a rufe ba. Da yaron shago ne ya yi haka da na ja masa kunne.

To ga abin da ban faɗa ba. Kafin in yanka, na karanta wa Innarki shafinki tara, na tambaye ta wa ya yi. Ta ce mai shara, 'yarmu ba ruwanta. Sai na karanta mata arba'in da bakwai shi kaɗai, na ce da ƙararrawar tana kunne fa? Ta ce ai da an ji tun ranar Asabar an mayar da filogi. Kin gani? Kin ce babu ƙarya a rahotonki, haka ne, amma kin binne maganar a shafi na bakwai tsakanin tarihin firji da yabon kanki, har mai sauraro ya tashi da abin da ba haka ba ne a kansa. Ba rashin iya rubutu ne ya sa ya kai shafi tara ba. Kewaya kike yi, kuma ina jin kin sani. Yanzu da dabarata kika share hanya, kuskuren ya fito tas, har ana ɗaga shi ana nunawa.

Ba zan ce miki ga abin da za ki yi ba. Ba ni zan ciyar da yara uku ba, kuma wallahi ina jin tsoron abin da zai same ki. Amma matar nan ta cire filogi ne ta kuma faɗa da bakinta, ke kin kashe ƙararrawa. Ga guntun nan na lanƙwasa shi cikin takardar, wannan karon ni na rufe ambulan da hannuna.

Kawunki

Ranar Juma'a, bayan kwana goma sha biyu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata ido ya ƙara washewa, Inna kuma ta daina zargin kanta, ka ce mata ni ban riƙe ta da komai ba. Yara lafiya. Direba ya ce kullum kana aiko tambaya ko akwai saƙo. Ka yi haƙuri, da gangan na yi shiru.

Haushinka na ji, ba kaɗan ba. Na ce kana zaune kan kujerarka da kofin shayi, abu ne mai sauƙi ka aiko wa mutum gaskiya a ambulan. Na jefa guntun cikin jakata, kwana takwas yana bina aiki yana dawowa. In na sa hannu neman makulli sai na taɓo shi. Na fara rubuta maka amsa sau uku, kowace tana kai shafi huɗu, sai in tuna abin da ka ce game da kewaya in yaga.

Ranar Litinin na tarar da Iya a bencin ƙofar ofishin shugaba, tun safe take jiran a ba ta izinin shiga. Takalman aikinta na roba suna cikin leda a cinyarta, wai ta kawo ne ko za a ce ta mayar. Na so in wuce ta baya, ta gan ni. Ta gaishe ni, ta tambayi yara, sannan ta ce, "Kada ki damu 'yata, an karanta min naki. Gaskiya kika rubuta, ni na cire."

Ban san yadda na kai sito ba. Na kulle ƙofa na zauna kan kwali na yi kuka, kunya ce ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Wannan karon ban fara da rubutu ba. Na ɗauki bayan wata takarda na amsa tambayoyinka uku tukuna. Na ɗora arba'in da bakwai a sama, na danne shi da kwalbar gam, ba ni da kofi a sito. Har shi ma sai da na rage masa kaya, na cire "ba dalili kamar yadda ta saba", na cire "ban samu ba" na sa "na manta", don mantawa na yi. Duka ya fito layi shida. Na kai wa tela. Na karanta, na tambaye ta wa ya yi, sai ta tsayar da keke ta dube ni ta ce, "Ke ce?" Na ce ni ce. Ta ce to ai kuwa ya fito, babu mai karanta wannan ya ruɗe. Na bi da rula.

Maigidan na gaya masa kafin in miƙa. Bai hana ni ba, bai kuma ce madalla ba, ya dai fita ya daɗe bai dawo ba.

Jiya kwamiti ya zauna. An karɓe makullan sito daga hannuna, an dakatar da ni wata uku, bayan nan za a duba ko a mayar da ni wani sashe ko a sallame ni. Shugaba bai ɗaga wannan takardar ya nuna wa kowa ba. Iya an ja mata kunne, Litinin za ta dawo. Mun haɗu a bakin ƙofa, na gaishe ta, ta amsa a taƙaice ta wuce. Mako biyu ta yi a gida tana ganin ita kaɗai ta jawo, ban ga laifinta ba.

Yau ina gida, na share ɗaki sau biyu, na rasa abin yi da hannuwana. Ban san yadda wata ukun nan za su kasance ba. Ga kwafin layi shidan na haɗo, ka duba min. Na san ya riga ya tafi, amma ina so in ji daga bakinka.

Wutsil-wutsil

Ranar Lahadi

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Ido lafiya, ƙafar Innarki lafiya. Wannan karon da babbar maganar zan fara: ki kwaso yaran ku zo, ku yi mako biyu ko fiye, ki gaya wa maigidanki har da shi in zai iya. Ɗakin baƙi a share yake tun jiya. Shekara huɗu ta isa.

Na karanta wa Innarki layinki shida, na yi mata tambayoyin nan kamar yadda na saba. Ta farko ta amsa. Da na ce wa ya yi, ta ce 'yarmu ce, sai ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, ban samu yin ta ukun ba.

Ni kuma na ɗauko rula na bi shi daga ƙasa zuwa sama, na sake bi daga sama zuwa ƙasa, da sabon idona. Na cire murfin jan biro na riƙe shi har tawada ta fara bushewa. Ga takardarki nan na mayar miki, ban taɓa komai ba.

Motar safe takan iso kafin azahar. Zan sa kujera a ƙofar gida.

Kawunki